Na karkata jirgi don Baba ya ji ƙararsa, yanzu makanike ake tuhuma

Assalamu alaikum warahmatullah mutanen wannan gida mai albarka, ina gaida manya da ƙanana. Admin don girman Allah ka ɓoye sunana da lambata kafin ka saka wannan. Ƴan'uwa don Allah ku ba ni shawara, kuma ina son ta kafin ranar Alhamis mai zuwa, domin in ranar ta wuce ko kun ba ni ba ta da sauran amfani. Kwana goma sha biyu ke nan rabona da barcin kirki, in na kwanta in tashi, in na zauna in miƙe, sai zagaya ɗaki nake kamar kazar da za ta yi ƙwai. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, in ban ɗauko maganar daga tushe ba, ba za ku gane inda ƙaya ta soke ni ba.

Ni saurayi ne ɗan shekara ashirin da bakwai, haifaffen wani ƙauye kusa da Deule cikin ƙasar Buza. Gidanmu manoma ne tun kaka da kakanni, hatsi da dawa, sai ƴan awaki. Na yi lakwal, wato firamare, a ƙauye, kwaleji a Buza, lise, wato babbar sakandare, a Madawa, bayan na samu bak, takardar gama sakandare, na zauna konkur, jarrabawar neman gurbi, sau biyu, a na biyun Allah ya sa anka ɗauke ni makarantar koyon tuƙin jirgin sama. Ba zan ambaci sunanta ba. Shekara biyu ke nan ina ciki, abin da ya rage mini ƴan awoyin tashin dare ne da jarrabawar ƙarshe, sai a ba ni takardata. A duk karkararmu ba wanda ya taɓa kai nan, in na je gida har tsofaffi ke tasowa gaishe ni, abin har kunya yake ba ni.

Mahaifina ya rasa ganinsa shekara huɗu da sunka wuce, mun kai shi likita anka ce hawan jinin ido ne, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Wana Idi ne ke riƙe da gona yanzu. Da na je babbar Salla muna zaune a zaure bayan la'asar, Baba ya laluba hannuna ya riƙe, ya ce, "Kowa sai shi ce min ɗanka na tuƙin jirgi, ni ko ban gani ba, kuma ba ni gani har in koma ga Allah. In wata rana hanya ta biyo da kai nan, ka yo ƙasa-ƙasa in ji kukan abin ga da kunnena, ya ishe ni." Na yi dariya na ce in sha Allahu Baba. Wallahi a lokacin ban ɗauki maganar da nauyi ba, amma ta zauna mini a rai.

Akwai mutum biyu da ya kamata ku sani. Na farko monitar ɗina, wato malamin da ke zama gefena cikin jirgi yana koya mini, kowa Kaptan yake ce masa. Mutum ne mai zafi amma ba shi da mugunta ko ɗis. A shekarar farko na kasa iya saukar da jirgi, sau uku ina faɗuwa gwaji, har diraktan makaranta ya fara shirin sallamata, Kaptan ne ya shiga biro, wato ofishin diraktan, ya ce a ba shi ni wata guda, in ban iya ba a kore mu tare. Cikin sati uku ya gyara ni. Na biyu Malam Habu, ba sunansa na gaskiya ba ne, shi ne babban makanikenmu, dattijo mai furfura, ba jirgin da ke tashi sai ya duba shi ya sa hannu a littafi. Saura masa shekara ɗaya ya yi ritaya, kuma ana cewa tunda ya fara aiki ba a taɓa kama shi da kuskure ba. Shi ke jan mu salla a gefen rumfar jirage, mu duka Baba Habu muke ce masa.

To bayan an gama yankan hatsi makaranta ta kawo mu wani filin jirgi a nan jihar Tawa don horon dare, da ƙaramin jirgi mai inji ɗaya. Ranar Talata layi ya zo kaina. Tsarin da munka rubuta munka ba hasumiyar fili, masu kula da tashi da saukar jirage, shi ne mu tashi bayan isha'i, mu miƙe Madawa, mu juya a samanta, mu dawo ta hanyar da munka bi. Da safe a wurin bayani an gaya mana sojoji sun rufe wani yanki na sama, daga wajen Garhanga ya yi arewa har ya wuce Keita, ba jirgin da zai shiga daga faɗuwar rana zuwa fitowarta, kome nisansa da ƙasa. Na zana shi da jan biro a taswirata da hannuna. Hanyarmu ta yi nesa da shi, don haka ban damu ba. Amma ina kallon taswirar nan sai na ga daga Madawa zuwa Buza ƴan mintoci ne a jirgi, Deule kuwa tana gaba kaɗan. Da azahar na kira Idi na ce masa tsakanin ƙarfe tara da tara da rabi ya fito da Baba waje, kar ya gaya wa kowa, ƙila in wuce ƙila kar in wuce. Na gaya wa kaina cewa in mun hau sama zan roƙi Kaptan izini. Gaskiyar Allah kuwa na san ba zai yarda ba, shi ya sa ban roƙe shi tun muna ƙasa ba.

Munka tashi lafiya, ba wata, sai taurari. Na kai Madawa, na gaya wa hasumiya mun juyo, na waiwaya zan buɗe baki in yi wa Kaptan magana, sai na ga kansa jingine da gilashi yana barci. Matarsa na kwance a likita, wato asibiti, tun satin da ya gabata, kwana biyu a jere yana kwana zaune a gefen gadonta, da safe ya zo aiki, duk mun sani. Na kira shi sau ɗaya, "Kaptan," amma a hankali, irin kiran da mutum ke yi ba don a ji shi ba. Bai motsa ba. Daga nan ne na yi abin da ke hana ni barci yau. Na kai hannu na murɗa muryar radiyo ƙasa har ta mutu, don kar maganar hasumiya ta tashe shi, na karkata hancin jirgi na yi arewa. Ina ce wa kaina minti goma ne kawai, ba wanda zai sani.

Na wuce fitilun Buza, anka shiga duhu, can sai na hango wuta. Ashe Idi bai riƙe sirri ba, gari duk ya fito, sun tara karan dawa a masussuka sun cinna masa wuta, ga ƴan fitilun hannu ana ta kaɗa su kamar taurari sun zubo ƙasa. Na rage tsawo, na zagaya garin sau ɗaya, na kunna babbar fitilar sauka na kashe har sau uku. Ba zan yi muku ƙarya ba, hawaye na zubo mini a lokacin, na san cikin mutanen can akwai tsoho ɗaya da ya karkata kunne yana saurare. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan mintin ba, kuma ban taɓa biyan wani daɗi da tsada irin tasa ba.

Abin da ya kamata in yi shi ne in koma kudu in hau hanyarmu ta asali. Amma gaggawa ta kama ni, ina son in cike mintocin da na ɓata kafin Kaptan ya farka, sai na yanke in ratsa kai tsaye, a lissafina zan bi ta kudu da Garhanga, in goga gefen yankin ba tare da na shiga ba. Taswirar takarda ta zame ta faɗa ƙarƙashin kujera tun ina zagaya gari, na'urar da ke gabana kuwa ba ta nuna layin yankin tunda rufewar ta ɗan lokaci ce. Iska a sama ta fi yadda anka faɗa mana ƙarfi, tana tura ni arewa ban sani ba. Duk wanda ya san ƙasarmu ta Adar ya san duwatsu da kwaruruka ne, da dare kuwa baƙi ƙirin, fitilun sola na wannan gari da na wancan duk kama ɗaya. Na ga haske a damana na ɗauka Garhanga ce, na ce alhamdulillah na wuce ta kudu. Ashe wani gari ne daban, Garhanga na bayana, na daɗe da shiga ciki. Wallahi tallahi karkata zuwa garinmu da gangan na yi, amma shiga yankin soja ban yi niyyarsa ba, ban ma san na shiga ba.

Sai kawai na ga fitilu a gefen fiffikena na hagu, ja da fari suna walƙiya, kusa ƙwarai, wani jirgin soja ya gitta gabanmu namu ya girgiza kamar za a kifar da shi. Kaptan ya farka firgigit. Kallo ɗaya ya yi wa allo ya ce, "Ina muke?" Ya kai hannu radiyo ya murɗa, sai ga murya tana ihu da Faransanci, ana cewa wannan ne gargaɗi na ƙarshe, mu amsa ko a ɗauki mataki. Ya karɓi tuƙi, ya amsa musu da wata irin natsuwa da har yau nake mamaki, ya faɗi ko mu su wa ne, anka umarce mu mu bi jirgin sojan. Haka ya raka mu har munka fita. Munka taɓa ƙasa muna gangarawa, ga fitilun motocin jandarma da na soja suna jiran mu. Kaptan bai ko dube ni ba ya ce, "Radiyo ta ɗauke, busol ta rikice, muka ɓata muna neman hanya. Abin da ka sani ke nan. Ka ji ni?" Busol ita ce na'urar da ke nuna gabas da yamma. Na ce na ji Kaptan.

Anka raba mu ɗaki, anka karɓe wayoyinmu, anka yi ta tambayoyi har anka kira asalatu. Wani hafsan soja ya zauna gabana, bai ɗaga murya ba, ya ce minti goma sha ɗaya ana kiran mu ba amsa, jirgi ya bar hanyarsa, ya sauko ƙasa, ya yi alama da fitila a kan wani gari, an amsa masa da wuta, sannan ya nufi inda anka hana. Ya ce in sa kaina a matsayinsu, a irin wannan zamani da muke ciki, me zan ɗauka? Ya ce kalma ɗaya ta rage a faɗa, da yanzu gawarmu ake tsinta cikin duwatsu. Sannan ya tambaye ni ma'anar fitila sau uku, da wanda ya hura wutar. Jama'a a nan ba Kaptan ne ya koya mini ba, shi yana barci bai ma san an yi ba, ni da kaina na ƙago. Na ce fitilar alama ce ta cewa radiyonmu ta mutu, wutar kuma ban sani ba, wataƙila manoma ne ke ƙona kara. Anka rubuta, na sa hannu.

Na ɗauka abin zai tsaya a kan ƙarfe, a ce na'ura ta lalace a canza ta. Ban yi tunanin cewa bayan kowace na'ura akwai mutumin da ya sa hannu ba. Kwana biyu da faruwar abin anka dakatar da Baba Habu, anka ce sai kwamitin bincike ya zauna. In anka tabbatar ya saki jirgi da matacciyar radiyo, za a karɓe takardar aikinsa, a sallame shi da baƙin tabo, ana ma cewa abin na iya kai wa kotu tunda ya shafi tsaro. Ranar da ya zo kwashe kayansa munka haɗu a bakin rumfa, na so in kauce ya riga ya gan ni. Ya ce, "Ɗana zo nan. Radiyon nan da hannuna na gwada ta da la'asar, garau take. Bayan kun sauka ma na roƙa anka bar ni na kunna ta, ta yi magana. Kai kana ciki, gaya min, yaya ta yi da za ta ɗauke? Ta yi ƙara tukuna ko shiru ta yi kai tsaye?" Na ce shiru ta yi Baba. Ya jinjina kai ya ce, "To ko waya ce ta saki a ciki ban gani ba. Tsufa ke nan. Da kun mutu da ina zan sa kaina gaban Allah?" Ku ji fa, tsohon nan ya fara zargin kansa, har haƙuri ya ba ni.

Da yammar ranar na sami Kaptan a harabar likita inda matarsa take, na gaya masa komai, har maganar roƙon mahaifina da fitila da wutar. Munka yi sa-in-sa sosai, abin da ban taɓa yi da shi ba. Ya zage ni tas, ya ce na so in kashe shi in bar matarsa kwance da ɗiyansa biyar. Da ya huce sai ya ce abin da ya faru ya faru, in na buɗe baki tambaya ta farko da za a yi ita ce ina monitar yake sa'ad da ɗalibi ke yawo da jirgi, kuma malamin da ya yi barci a sama sannan ya rubuta rahoton ƙarya ba zai ƙara taɓa jirgi ba har abada. Ya ce ni ma kora ce, ƙila da gidan kaso, tunda na yi wa soja ƙarya na sa hannu. Ya ce Malam Habu tsoho ne mai mutunci, zai bi ta ƙarƙashi ya yi magana da manya a tsaya a jan kunne, tunda radiyo kan ɗauke ta dawo ba tare da an gane dalili ba. Na tambaye shi ko yana da tabbacin haka, ya ce tabbas na Allah ne. A ƙarshe ya tuna mini ranar da ya shiga biro saboda ni, ya ce bai taɓa neman sakayya ba sai yau. Ina tsaye a nan anka turo matarsa a keke za a kai ta ɗaukar hoto, ta rame ƙwarai, ta ɗaga mini hannu ta ce ina gajiya ɗan Kaptan.

Da anka mayar mini da wayata sai wata sabuwa ta ɓullo. Na tarar da saƙonni sun fi a ƙirga. Idi ya ɗauki murya da wayarsa a daren, ana jin ƙarar jirgi, ana jin mata na guɗa, shi kuma yana ihu yana faɗin sunana, yana cewa, "Ga ƙanena ya zo gaida Baba, ya ƙyafta mana fitila sau uku." Ya tura a gurup ɗin ƴan garinmu, daga nan ta tafi wurin ƴan cirani a Abijan da Libiya, har wani abokina na lise da ke Madawa ya turo mini ita yana taya ni murna. Na kira Idi na sa ya goge, amma abin da ya riga ya shiga wayar mutum ɗari wa zai iya goge shi? Yanzu duk lokacin da wayata ta yi ƙara sai gabana ya faɗi. In muryar nan ta kai kunnen masu bincike kafin in yi magana da bakina, ba ni da sauran abin faɗa. Kuma tsorona kar a je garinmu a fara kwasar mutane ana tambayar wa ya hura wuta, mutanen da laifinsu kawai murna.

Ranar Juma'a na kasa zama na hau mota na tafi gida. Tun daga bakin gari ake tare ni, wani ya ce har rufin kwanonsu ya amsa, wata tsohuwa ta kawo mini ƙwaryar fura. Baba kuwa an ce tun ranar yake ba kowa labari, har kwaikwayon ƙarar injin yake da baki. Amma da na durƙusa na gaishe shi sai ya ce, "Wagga murya ba ta mai farin ciki ba ce. Mi ya faru?" Na sa Idi ya rufe ƙofar zaure, anka kira Inna mahaifiyata, na faɗi komai. Inna ta fashe da kuka, ta ce in na buɗe baki ba ta yafe mini ba, ta ce shekara ashirin tana surfe da dakau tana jiran wannan rana, shi makaniken ai ya ci zamaninsa, ni ko yanzu zan fara. Idi ya goyi bayanta, ina ganin har da tsoron kansa. Da sunka gama Baba ya tambaye ni, "Mutumen ga mai gyara, shina da ɗiya?" Na ce yana da su, har da jikoki. Ya ce, "Shi ya san kwaɗayina ne ya ja mashi?" Na ce bai sani ba. Yana jan carbi ya ce, "Ni na roƙe ka, in ana kai mutum gaban hukuma a kai ni, in gaya musu makaho ne ya so jin ƙara. Sauran kuwa, kai ka san aikinku, ni ban sani ba. Amma da na san da hawayen wani za a biya, da ban so ji ba." Daga ranar shi da Inna ba sa magana, abin da ban taɓa gani ba tunda na yi wayo. Na baro gida jiya da safe Baba ya ƙi karyawa.

To ga inda nake. Ranar Alhamis kwamiti zai zauna, za a kira Kaptan, a kira Baba Habu, a kira ni. In na maimaita abin da na sa wa hannu, wataƙila in samu takardata nan da wata biyu, Kaptan ya tsira da aikinsa ya ci gaba da jinyar matarsa, amma dattijon da bai ci ba bai sha ba ya tafi gida da tabo, yana zaton shi ne ya kusa kashe mu. In na faɗi gaskiya, Baba Habu ya fita, ni na ƙone, na ƙona mutumin da ya tsaya mini sa'ad da kowa ya juya baya, na karya zuciyar uwata, ƙila in jawo wa garinmu bincike. Na yi tunanin in faɗi rabi, in ce ni na rage radiyo kuma ni na karkata, Kaptan idonsa biyu amma na ruɗe shi, sai dai ba mai hankalin da zai yarda malami na farke ɗalibi ya zagaya gari bai gani ba, kuma rahotonsa na nan a rubuce. Na yi tunanin in ajiye karatun in gudu, amma gudu ba zai wanke tsohon nan ba. Na yi istihara sau uku, ban ga komai ba tunda barcin ma ba ya zuwa.

Abin da ya sa na ɗauki waya nake rubuta muku shi ne ɗazu bayan magariba Baba Habu ya kira ni. Ya ce an ba shi damar kawo shaida guda ɗaya da zai yi magana a kan aikinsa a gaban kwamiti, ya duba duk makarantar ya ba da sunana. Na ce Baba me ya sa ni? Ya ce, "Don kai kana cikin jirgin, kuma shekara biyu ina kallon ka, ban taɓa jin ka yi ƙarya ba. Ka faɗi abin da ka gani kawai, ko a kaina zai faɗa na yarda."

Ƴan'uwa na san na yi laifi, masu zagi ku zaga, na cancanta, amma bayan zagin ku bar mini magana ɗaya mai amfani. Malamai da ke cikin gidan nan, wane haƙƙi ne ya fi nauyi a kaina, na wanda ya yi mini alheri ya nemi in rufa masa asiri, ko na wanda ake zalunta saboda ni? Maganar Inna ta cewa ba ta yafe ba, tana kama ni in na faɗi gaskiya? Masu sanin doka da aikin soja, in mutum ya je da ƙafarsa ya warware abin da ya sa wa hannu kafin a gano shi, ana sassauta masa, kuma za a ƙyale mutanen garinmu? In tafi wurin Kaptan in gaya masa zan yi magana don ya riga ni, ko in yi shiru sai a gaban kwamiti? Saura kwana huɗu in zauna a kujerar nan, tsohon na gefe guda yana kallona, Kaptan na ɗaya gefen. In ku ne ni, me za ku ce?